TARIHIN AIKI DAGA GIDA: Daga Fensir Da Takarda A 1962 Zuwa Upwork

Yau ba saitin waya za mu koya ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Ka daure ka karanta har ƙarshe, musamman idan kana cikin masu burin koyon haɗa manhaja don a riƙa biyansu da dala.

Abin da ya jawo rubutun shi ne wani bawan Allah da ya kawo min wayarsa shago kwanakin baya, bakin cajinta ya lalace. Ina cikin aiki sai ya ce, "Ƙanena, don Allah ka hanzarta, ƙarfe huɗu ina da intabiyu da wasu Turawa, kuma da wayar nan nake ba kwamfutata data." Na ce, "Yallaɓai, wane aiki kake yi?" Ya ce shekararsa tara yana rubuta manhaja, ya yi wa kamfanoni aiki a ciki da wajen ƙasar nan, amma kwantiraginsa ya ƙare, wata na uku kenan yana neman wani. Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Mai shekara tara yana nema, to ina ga yaran da ake ce wa su biya kuɗin kwas na wata uku su fara kwasar dala? Shi ya sa na ce bari mu koma baya mu ga inda sana'ar ta faro.

Da yawa muna ɗauka korona ce ta kawo aiki daga gida a 2020. Gaskiya abin ya girmi korona, ya ma girmi intanet ɗin kanta.

A 1962 wata mata a Ingila mai suna Stephanie Shirley ta buɗe kamfani ta sa masa suna Freelance Programmers. Jarinta fam 6 kacal, ofishinta kuma teburin cin abincin gidanta. An haife ta a Jamus a 1933, aka kawo ta Ingila a 1939 tana 'yar shekara biyar cikin yaran Yahudawa da aka tseratar daga gwamnatin Hitler. Ka lura da wani abu: kafin ta fara zaman kanta ta yi kusan shekara goma tana aikin lissafi da kwamfuta a ƙarƙashin wasu, yawancinsu a cibiyar bincike ta hukumar gidan waya da ke Landan. Wato da hannunta a cike ta fito.

Duk da haka kasuwa ta ƙi buɗewa. Tana rubuta wa kamfanoni wasiƙar neman kwangila, shiru kake ji. Mijinta ya ba ta shawarar ta daina sa hannu da Stephanie, ta koma Steve, sunan maza. Daga nan aka fara ba ta amsa, sai ta shigo ofis sannan su gane mace ce. Ta kuma ba da labarin cewa idan kwastoma ya bugo waya jaririnta yana kuka, sai ta kunna rikodin ƙarar tafireta, don a ɗauka babban ofis ne cike da ma'aikata.

To yaya suke aiki babu laftof babu intanet? Ma'aikaciya tana zaune a gidanta, ta rubuta umarnin kwamfuta layi-layi da fensir a kan takarda. A kai takardun gidan waya, a tura inda za a huda su a jikin kati, sannan a kai wa ƙatuwar kwamfutar da ta cika ɗaki guda. Idan ka yi kuskuren harafi ɗaya, sai bayan kwanaki za ka sani. Abin da ake tambayar mai neman aiki shi ne ko tana da tarho da za a same ta. A cikin ma'aikata 300 na farko, uku ne kawai maza. Yawancinsu matan aure ne masu ilimin lissafi da aka ajiye a gida saboda raino. Da wannan tsarin suka yi aikin manhajar da ta shafi baƙin akwatin jirgin Concorde, jirgin fasinjan da ya fi sauti gudu. Sai a 1975 da Birtaniya ta yi dokar hana nuna bambancin jinsi wajen ɗaukar aiki, dole ta sa suka buɗe wa maza ƙofa.

A Amurka kuwa tsadar mai ce ta tura su. A 1973, shekarar da ƙasashen Larabawa suka rage sayar wa Amurka fetur, wani injiniya Jack Nilles ya fara bincike a kan yadda za a kai wa mutum aiki inda yake maimakon ya ƙona mai zuwa ofis. A 1979 kamfanin IBM ya gwada sa wa ma'aikata biyar na'ura a gidajensu, zuwa 1983 sun kai wajen 2,000.

Da intanet ta zo sai wani abu ya ƙaru. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Finland, Linus Torvalds, ya saki Linux kyauta, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka riƙa gyara ta daga ƙasashe daban-daban. Android ɗin da ke hannunka yanzu a kan Linux aka gina ta. A 2005 shi dai Linus ya haɗa Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk gyaran da kowa ya yi, a 2008 kuma aka buɗe GitHub. Daga lokacin, mai ɗaukar aiki ba sai ya tsaya a kan takardar makarantarka ba, zai iya buɗe aikinka ya gani da idonsa, har ranar da ka yi shi.

Sai kasuwannin 'yan zaman kansu. Elance ta fara a ƙarshen shekarun 1990, oDesk a 2003. Ita oDesk wasu abokai biyu ne suka kafa ta, ɗaya yana Amurka ɗaya yana Girka, suna neman yadda za su yi aiki tare. Kamfanonin biyu suka haɗe, a 2015 suka koma Upwork. Fiverr ta zo a 2010, inda aiki ke farawa daga dala 5. Alherin a fili yake, kana Kano ko Maraɗi za ka iya yi wa mutumin Kanada aiki. Amma ka sani layi ɗaya kake da ɗan Indiya da ɗan Pakistan da ɗan Yukiren, kuma a Upwork tura buƙatar aiki ma sai ka kashe abin da suke kira Connects, wanda da kuɗi ake ƙara shi.

Mu a nan, GSM ta shigo Najeriya a 2001, sannan a 2010 igiyar intanet ta MainOne ta ƙarƙashin teku ta iso Legas. A 2014 aka kafa Andela a Legas, suna ɗaukar matasa su koya musu, sannan su haɗa su da kamfanonin waje. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba musu dala miliyan 24. Amma a Satumban 2019 kamfanin ya sallami ƙananan ma'aikata sama da 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ya ce kwastomominsa ƙwararru suke nema. Wannan tun kafin fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, wanda yanzu yake rubuta ƙananan ayyukan da a da ake ba 'yan koyo.

Ni mai gyaran waya ne, abin bai ba ni mamaki ba. Kowane yaro a kasuwa zai iya canja sikirin. Amma ranar da waya ta faɗa ruwa, injinta ya yi shot, ga hotunan bikin mutum a ciki, wurin wanda ya daɗe ake kai ta, kuma ba a cinikin kuɗin sosai. Wanda ke Jamus zai ba ka aiki bai taɓa ganinka ba, to me zai riƙe? Irin abin da ya riƙe a wurin matan 1962 ne: aikin da ka taɓa gamawa, cika alkawarin lokaci, da iya bayani a rubuce. Don haka idan da gaske kake, ka zaɓi yare ɗaya kamar JavaScript ko Python ka zauna a kansa, ka koyi Git, ka haɗa wa makarantar unguwarku ko wani kanti abin da za su yi amfani da shi da gaske, ka ɗora a GitHub. Ka gyara Turancinka na rubutu, don yawancin aikin da saƙo ake yin sa. Ka tanadi sola ko fawabanki da layi biyu, don Bature ba ya gane "an ɗauke wuta". Muna da wata garaɓasa ma: agogonmu ɗaya da na Landan a lokacin zafinsu, awa ɗaya ne tsakani a lokacin sanyi. Sannan duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin ya ba ka aiki, ka gudu, ɗan damfara ne.

Shi kuwa Yallaɓai na gama masa wajen uku da rabi, ya gwada caji ya kama, ya biya ya hau babur da sauri. Bayan kamar sati biyu ya dawo sayen waya ta caji, na ce, "Yallaɓai, ya labarin Turawan?" Ya yi dariya ya ce sun ɗauki wani, amma wani tsohon kwastomansa da ya yi wa aiki shekara huɗu baya ya turo masa saƙo, ya haɗa shi da abokinsa, Litinin zai fara. Na ce Allah ya sa albarka, ya ce amin.

Idan akwai mai wannan sana'ar a cikinku, ya faɗa mana yadda ya samu aikinsa na farko, ƙannenmu su amfana. A rubutu na gaba in sha Allahu za mu ga yadda ake buɗe GitHub da waya. Allah ya ba mu sa'a, ya tsare mu da 'yan damfara.