Yadda ake lissafin yiwuwar abu daga jadawalin alƙaluma

A ilimin ƙididdiga, yiwuwa lamba ce tsakanin 0 da 1 da ke nuna kusancin abu ga faruwa. Ana samun ta ne ta hanyar raba adadin abin da ake nema da jimillar abubuwan da za a iya zaɓa. Sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 da INEC ta bayyana ya isa misali.

Ɗan takara | Jihar Kano | Ƙasa baki ɗaya
Tinubu | 517,341 | 8,794,726
Atiku | 131,716 | 6,984,520
Obi | 28,513 | 6,101,533
Kwankwaso | 997,279 | 1,496,687

Halastattun ƙuri'u a faɗin ƙasar sun kai 24,025,940. Da za a zuba su a akwati guda a zaro ɗaya ido rufe, yiwuwar ta kasance ta Tinubu ita ce 8,794,726 a raba da 24,025,940, wato 0.366, ko kusan kashi 37 cikin 100. Yiwuwar ta zama ba tasa ba kuwa ita ce abin da ya rage idan aka cire 0.366 daga 1, wato 0.634.

Idan ana neman ƙuri'ar Atiku ko ta Obi, sai a haɗa adadin biyun, tunda ƙuri'a ɗaya ba ta zama ta mutum biyu. Hakan ya ba da 13,086,053, kimanin kashi 54 cikin 100.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne yiwuwa mai sharaɗi, domin sharaɗin ne ke sauya lambar da ake rabawa da ita. Idan an san ƙuri'ar ta Kwankwaso ce, yiwuwar ta fito daga Kano ita ce 997,279 a raba da 1,496,687, kusan kashi 67. Idan kuma an san daga Kano ta fito, cikin ƙuri'u 1,674,849 na mutum huɗun nan, yiwuwar ta zama tasa kusan kashi 60 ne. Tambayoyin sun yi kama, amma amsoshinsu daban.

Wannan lissafi yana bayyana ƙuri'un da aka riga aka kaɗa ne kawai, ba hasashen zaɓe mai zuwa ba. Haka kuma, cikin masu rajista 93,469,008, ƙuri'un Tinubu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Saboda haka duk wanda aka kawo masa wani kaso a muhawarar siyasa, ya fara tambaya: kaso ne na wace jimilla?