Kufan Mayawa: Daga Bakin Teku Zuwa Ƙungurmin Daji

A kowace shekara dubban magidanta sukan kwashi iyalansu su nufi gaɓar Tekun Karebiyan ta ƙasar Meziko domin hutu. Da safe yara su yi iyo a teku, da rana a kai su kallon wani kufai da ke bisa tsauni a bakin ruwa, a ɗauki hotuna, sannan a koma masauki. Sunan wannan kufai Tulum. Kaɗan ne daga cikin masu ziyarar suke tambayar su wane ne suka gina shi, kuma ina suka shiga.

Tulum gari ne na Mayawa mai ganuwar dutse ta fuskoki uku, teku kuma ta tsare fuska ta huɗu. Ya bunƙasa tsakanin ƙarni na 13 da na 15 a matsayin zangon fatake, waɗanda suke bin gaɓar teku da kwale-kwale ɗauke da gishiri da zuma da auduga da wani baƙin dutse mai ƙyalli da ake fiƙe wuƙaƙe da shi. A shekarar 1518 jiragen Juan de Grijalva na ƙasar Sifen suka gitta ta gabansa, suka same shi cike da jama'a. Kafin ƙarnin ya ƙare ya zama kango.

To, amma Tulum auta ne a cikin biranen Mayawa. Wanda yake son ganin manya sai ya nausa kudu, cikin ƙungurmin dajin Peten na ƙasar Gwatamala, inda Tikal yake. A nan dogayen gine-ginen bauta sun zarce bishiyoyin daji tsawo, mafi tsayinsu ya haura mita 60. Abin mamaki shi ne babu wani kogi a kusa da birnin. Ruwan damina suke tarawa a manyan tafkunan da suka haƙa, da shi suke ƙetare rani. Tikal ya sha gwagwarmaya da Kalakmul, babban abokin gabarsa. An ci shi da yaƙi a shekarar 562, ya yi fiye da shekara ɗari bai ɗaga kai ba, har sai da sarki Jasaw Chan K'awiil ya rama a shekarar 695. Dutsen ƙarshe da aka kafa mai ɗauke da kwanan wata na shekarar 869 ne. Daga nan birnin ya fara watsewa, daji ya haɗiye shi.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan dalilin wannan faɗuwa. Binciken da aka yi a kan lakar ƙarƙashin tafkin Chichankanab, wanda aka buga a 1995, ya nuna an yi matsanancin fari a wannan zamani. Ga kuma yaƙe-yaƙen da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, ga saran itatuwa don noma da toya farar ƙasar shafe gine-gine. Sarakunan nan kuwa da sunan su ne masu roƙo wa jama'a ruwa suke mulki. Da ruwa ya ɗauke, sai talakawa suka ɗauke ƙafa. A ganina kuskure ne a ce Mayawa sun ɓace, kamar yadda masu tallar yawon buɗe ido suke son faɗa. Sarauta ce ta rushe, mutane kuwa ƙaura suka yi, biranen arewa irin su Chichen Itza suka ci gaba da zamaninsu.

Babbar asara ta zo ne daga baya. Mayawa suna da rubutu nasu na kansu, suna da littattafai na ɓawon itace da ake naɗewa, cike da lissafin taurari da kwanakin shekara. A watan Yuli na 1562, a garin Mani, wani limamin Kirista mai suna Diego de Landa ya tara abin da ya samu daga cikinsu ya cinna musu wuta, bisa hujjar wai ayyukan Shaiɗan ne. A yau guda huɗu kacal aka sani sun tsira a duniya, uku daga ciki suna Turai: a Dresden da Madrid da Paris. Sannu a hankali masu iya karatun suka ƙare, aka wayi gari duwatsu cike da rubutu amma babu mai karantawa.

Ikon Allah, wanda ya ƙona littattafan shi ne kuma ya bar mabuɗinsu. Wajen 1566 Landa ya rubuta littafi a kan Yukatan, a ciki ya sa abin da ya zaci abacadar Mayawa ce. Yadda aka yi kuwa, yakan furta sunan harafin Sifaniyanci, marubucin Bamaye ya zana masa alamar da ta dace da sautin da ya ji. Da ya ce "be", sai aka zana masa sawun ƙafa a kan hanya, domin "be" hanya ce a harshensu. Wato shi yana neman baƙaƙe, shi kuwa marubucin yana ba shi gaɓoɓi. Sai a 1952 wani Barashe, Yuri Knorozov, ya gano wannan saɓani yana zaune a Leningrad, bai taɓa taka ƙasar Mayawa ba. Eric Thompson na Ingila, wanda shi ne jigon fannin a lokacin, ya yi fatali da ra'ayin, abin da ya jawo jinkiri na shekaru masu yawa. A 1960 kuma Tatiana Proskouriakoff ta nuna cewa rubutun duwatsun Piedras Negras tarihin sarakuna ne: haihuwarsu da hawansu gado da mutuwarsu. Da wannan aiki ne muka san sunan Jasaw da shekarar da ya ci yaƙinsa.

Su kuwa Mayawa ba su miƙa wuya da sauƙi ba. Nojpeten, birninsu na ƙarshe mai cin gashin kansa, sai a 1697 ya faɗa hannun Sifaniyawa. A 1847 suka yi bore a Yukatan, sojojin Meziko ba su kama cibiyarsu ta Chan Santa Kurus ba sai a 1901. A yaƙin basasar Gwatamala na 1960 zuwa 1996 an hallaka mutum kimanin 200,000, mafi yawansu Mayawa. Duk da haka miliyoyinsu suna nan, suna magana da harsuna wajen 30.

Tun daga 1970 aka fara gina birnin Kankun domin masu hutu, a Disamban 2023 kuma aka buɗe layin dogo mai suna Tren Maya, wanda aka sare daji mai yawa kafin a shimfiɗa shi. Da yawa daga cikin masu share ɗakunan otal-otal ɗin gaɓar, da masu yi wa baƙi jagora a cikin kufan, da matan da suke sayar da riguna masu surfani a bakin ƙofar Tulum, da Mayanci suke hira a tsakaninsu idan baƙi suka wuce.