Tarihin Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana zagayowar ranar da aka kafa wannan masallaci namu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, al'ada ce in wannan rana ta zo a ambaci limamai da ladanai da attajiran da suka sayi tubali. Wannan daidai ne. Amma a wannan shafi za mu ba da tarihin wata uwa, wadda mu Hausawa da Fulanin ƙasar Sudan ya kamata mu sani, watau Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙanta.

An haife ta a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekara ta 1793, tagwaye ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sauran matan Shehu suka yi renonta. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta bi jama'a cikin ƙishirwa da yunwa. A shekarar nan aka yi nasara a Tabkin Kwatto, a cikinta kuma aka yi hasarar mahaddata Alƙur'ani masu yawa a Tsuntsuwa. Saboda haka tun tana yarinya ta san cewa ilmi abu ne da ke iya ƙarewa, in masu shi suka faɗi ba su bar magada ba.

Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haifa masa 'ya'ya maza, ta riƙe babban gida mai yawan baƙi da almajirai. Duk da goyo da hidimar miji ba ta ajiye alƙalami ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ta sa hannu wajen tattara littattafansa da adana su. A 1820 ta wallafa littafinta na Larabci mai suna Tanbihul Gafilina. Ta san Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuwa yi rubutu da dukansu. Abin da aka samu na talifinta ya kai wajen 60, an kuwa tara shi aka buga a Amurka a 1997.

To, babban aikinta shi ne karantar da mata. Shehu ya riga ya zargi malaman da ke koya wa almajirai na waje, alhali kuwa sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Da ƙurar yaƙi ta lafa, sai ga ƙauyuka cike da mata waɗanda ba su san farillan alwala ba, bori kuwa yana da ƙarfi a cikinsu. Matar aure mai goyo ba ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki neman karatu. Sai Nana ta yi dabara. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, ta naɗa kowacce shugaba a garinsu, ana ce da ita jaji, alamar muƙaminta kuwa malafa ce da aka naɗa wa jan rawani. Jaji ita ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su tako har Sakkwato ko Wurno, su zauna gaban Nana su ɗauki karatu, sa'an nan su koma su koya wa matan da ke cikin gidaje. Su ne ake kira 'yan taru.

Karatun nan kuwa cikin waƙa ta tsara shi, domin mace tana iya haddace waƙa tana daka, tana niƙa, tana kaɗi. A ciki akwai tauhidi, da hukuncin salla da azumi, da sunayen surorin Alƙur'ani, da tarihin Annabi da na Shehu. Abin da 'yan taru suka kawo mata na sadaka, kamar hatsi da zuma da man shanu, sai ta rarraba wa marayu da marasa lafiya.

Ta yi tsawon rai har ta binne na gabanta da na bayanta. Bello ya rasu a Wurno a 1837, mijinta ya bi, ɗanta Abdulƙadir wanda ya gaji waziranci shi ma ya riga ta. Ta yi haƙuri, ta ci gaba da karantarwa har Allah ya karɓi ranta a 1864, tana da shekara 70 da 'yan kai. Aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato, ƙanwarta Maryamu ta riƙe 'yan taru a bayanta.

Ina ruwanmu da wannan labari, mu da ke bakin Kogin Nilu? Ga dalili. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, jikanta Waziri Buhari ya tsaya tare da waɗanda suka zauna. Sarkin Musulmi Attahiru, jikan ɗan'uwanta Atiku, ya yi hijira ya nufi gabas, ya yi shahada a Burmi a shekarar nan. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har suka sauka kusa da Sinnar, suka kafa garin da ke amsa sunansa. Wurnon nan ita ce wadda Nana ta zauna ciki tana karantarwa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, kakanninmu mata suka shiga gonakin Jazira tsinkar auduga, suka yi ƙosai da kunu na sayarwa, da abin da suka samu aka biya malaman allo kuɗin Laraba. Mutum nawa ne a cikinmu suka fara koyon Fatiha a bakin kaka, tun ba su ga allo ba?

Yaƙin da ya ɓarke a ƙasar nan a 2023 ya rufe makarantu, ya watsa malamai, yara da yawa suka yi wata da watanni ba karatu. Wanda uwarsa ko kakarsa ta iya, bai rasa na salla ba. Don haka muna roƙon kwamitin masallaci ya keɓe wa mata wuri da lokacin karatu, a zaɓi dattijuwa mai sani a kowace unguwa ta riƙa bi gida gida, magidanta kuma kada su hana.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu mata, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin. Wassalamu.