Tasirin Sarrafa Jijiyar Mamaci a Kan Nasarar Tiyatar Gwiwa

A tsakiyar gwiwar ɗan Adam akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, kuma ta gaban, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ACL, ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ya bar ƙashin cinya. Idan ta tsinke, kamar yadda yakan faru ga 'yan ƙwallo yayin juyi na farat ɗaya, ba kasafai take haɗewa da kanta ba, sai likitan ƙashi ya huda ƙasusuwan biyu ya zura wata jijiyar a madadinta. Ana iya yanko ta daga jikin majinyacin, ana kuma iya samo ta daga mamacin da aka ba da izinin amfani da sassan jikinsa, hanyar da ta yaɗu a Amurka domin tana rage tsawon tiyata, tana kuma hutar da majinyaci daga rauni na biyu. Sai dai an daɗe ana maganar jijiyar mamaci tamkar iri ɗaya ce, alhali abin da aka yi mata tsakanin ciro ta da dasa ta yana da babban tasiri a kan ko za ta riƙe ko za ta sake tsinkewa.

Tsoron yaɗa cuta ne tushen duk wannan sarrafawa, kuma tsoro ne mai dalili, domin a 2001 wani matashi ya rasu a jihar Minnesota bayan an dasa masa ƙashi da guringuntsi masu ɗauke da ƙwayar cutar Clostridium a gwiwa. Daskarar da jijiya a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili yana kashe ƙwayoyin halittar mamacin, wanda hakan ke rage yiwuwar jiki ya ƙi ta, amma ba ya kawar da dukan ƙwayoyin cuta. Iskar etilin oksaid da aka taɓa dogara da ita an watsar da ita, saboda ragowarta na haddasa kumburin gwiwa da narkewar jijiyar.

Daga nan aka karkata ga hasken gama, wato haske mai ratsa jiki da ake auna yawansa da kilogire. Illarsa ita ce, yayin da yake lalata ƙwayoyin cuta yana kuma kakkarya zaren kolajin, sinadarin da jijiya ke samun ƙarfinta daga gare shi, walau kai tsaye ko ta hanyar ɓurɓushin sinadarai masu lahani da yake haifarwa daga ruwan da ke cikinta. Binciken Rappé da abokan aikinsa a Jami'ar Florida a 2007 ya nuna cewa agarar da aka haska da kilogire 20 zuwa 25 ta gaza a kashi 33 cikin ɗari na majinyata, yayin da wadda ba a haska ba ta gaza a kashi 2.4 kacal. Wani mai bincike mai suna Sun da abokansa a ƙasar Sin sun sami kusan haka a 2009: kashi 34.4 ga jijiyar da aka haska, 8.8 ga wadda ba a haska ba, 6.1 ga ta jikin majinyaci. Rajistar majinyata ta cibiyar lafiya ta Kaiser Permanente, wadda ta bi diddigin tiyata 5,968, ta ƙara da cewa haskawar da ta haura kilogire 18 da kuma wankin sinadarai mai suna BioCleanse duk suna ƙara haɗarin komawa ɗakin tiyata.

Abin da ya fi raunana hujjar haskawa mai yawa shi ne, tun 1994 aka nuna cewa sai an kai kilogire 30 kafin a lalata ƙwayar cutar ƙanjamau a cikin daskararriyar jijiya. Ke nan adadin da aka saba amfani da shi ya isa ya raunana jijiya, bai kuwa isa ya ba da cikakkiyar kariyar da ake nema ba. Saboda haka ya fi dacewa a jingina kariyar a kan tantance tarihin lafiyar mamaci, gwajin jininsa, da ciro jijiyar cikin tsabta, haskawa kuwa, in ta zama dole, a yi ta kaɗan kuma a cikin tsananin sanyi.

Duk da haka, kyakkyawar sarrafawa ba ta daidaita jijiyar mamaci da ta majinyaci a kowane hali, domin abin da aka dasa matacce ne, sai hanyoyin jini da sabbin ƙwayoyin halitta sun mamaye shi kafin ya yi ƙarfi, kuma wannan yana ɗaukar lokaci mai tsawo idan jijiyar baƙuwa ce. A gwajin Bottoni da aka wallafa a 2015, wanda ya bi matasan sojojin Amurka na tsawon aƙalla shekara goma, jijiyar mamaci da ba a haska ba ta gaza a kashi 26.5, ta jikin majinyaci kuwa a kashi 8.3. Don haka matashi mai wasan guje-guje da tsalle ya fi cancanta da jijiyar jikinsa, magidancin da ya haura shekara arba'in ko wanda jijiyoyi da yawa suka tsinke masa kuwa zai iya amfana da ta mamaci, matuƙar likitansa ya nemi sanin adadin hasken da aka yi mata da sinadaran da aka wanke ta da su kafin ya karɓe ta daga ma'ajiya.