Daga Gafaka zuwa SSD: Tarihin Ma'ajin Bayanai da Darasinsa ga Yankin Bagudo

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin hanyoyin da aka bi wajen adana rubutu da bayanai, tun daga zamanin gafaka har zuwa bayyanar na'urar nan da ake kira SSD, watau ma'ajin lantarki wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. An ɗauki yankin Bagudo na Jihar Kebbi ya zama misali, saboda yanki ne na kan iyaka, inda tsohuwar takarda kan zama hujjar mallakar ƙasa. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce: ko saurin sabon ma'aji ya isa a ba shi amanar tarihi?

2.0 Zamanin Gafaka da Fayil

Tun kafin zuwan Turawa, garin Illo da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta yau zango ne na fataken Hausa masu ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu zuwa Gwanja sayen goro. Ban da haja, ayarin yakan ɗauki wasiƙun sarakuna da littattafan malamai. Yawancin takardar da aka yi rubutu a kanta a ƙarni na 19 daga Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake kawowa ta Tarabulus a ratso Sahara da ita. Malami yakan rubuta da tawada, ya haɗa warƙoƙin a tadarishi, ya zura a gafaka, ya rataye nesa da gara da laima. Ta wannan hanya ce littattafan Shehu Abdullahi na Gwandu da na sauran malaman jihadi suka iso gare mu bayan kusan shekara 200.

Da Turawa suka zo, sai takarda ta sami wani sabon matsayi. A 1894 Lugga ya yi rige-rige da Faransawa zuwa Nikki don ƙulla yarjejeniya da sarkinta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni, 1898 ita ta raba Bargu gida biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo kuwa hannun Ingila. Iyakar da ke tsakanin Bagudo da Jamhuriyar Benin a yau daga waɗannan takardu ta samo asali.

Amfanin irin wannan ajiya ya fito fili a 2005, lokacin da Kotun Duniya ta yanke hukunci tsakanin Benin da Nijar a kan tsibiran Kwara, ta ba Nijar tsibirin Lete. Daga cikin hujjojin da kotun ta duba har da wata wasiƙa da wani jami'in Faransa na Gaya ya rubuta a 1914. Ke nan takarda mai shekara 91 ta tsaya shaida, aka kuma karanta ta ba tare da wata na'ura ba.

Bayan samun 'yancin kai, masana sun fara ɗaukar hoton rubuce-rubucen a maikurofim. A 1964 aka kafa cibiyar tattara takardun Larabci a Jami'ar Ibadan, da kuma shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1970 aka buɗe Gidan Arewa a Kaduna.

3.0 Daga Faifai Mai Juyawa zuwa SSD

A daidai wannan zamani wani tarihin yana gudana a ƙasashen waje. A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da ma'ajin kwamfuta na farko mai faifan maganaɗisu. Faifai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, amma gaba ɗaya ba su ɗaukar abin da ya wuce haruffa miliyan 5. Irin wannan ma'aji ya yi ta ƙanƙancewa har ya shiga kwamfutar cinya, sai dai tsarinsa bai canja ba: faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, wani ɗan hannu yana kai-da-komo a kansa yana karantawa. Kowane karatu sai an jira hannun ya isa wurin, kuma faɗuwa ɗaya na iya lalata shi.

Mafita ta zo daga Japan. Wani injiniyan kamfanin Toshiba mai suna Fujio Masuoka ya gabatar da ma'ajin filash a 1984, sannan a 1987 ya gabatar da nau'insa da ake kira NAND. Hikimar ita ce a tsare ɗan cajin lantarki a cikin wasu ƙananan gurabu da ido ba ya gani. Yawan cajin da ke cikin gurbi shi ke nuna abin da aka rubuta, kuma yana nan ko an ɗauke wuta. A 1991 kamfanin da daga baya aka sani da SanDisk ya ƙera SSD mai ɗaukar megabayit 20, a kan kuɗi kimanin dala 1,000.

Abubuwa biyu suka kai shi matsayin da yake a yau. Na farko, ƙa'idar NVMe ta 2011, wadda ta haɗa ma'ajin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta hanya mafi faɗi. Faifai mai juyawa yakan karanta megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na tsohuwar hanyar SATA kimanin 550, amma na NVMe yana iya kaiwa 7,000. Na biyu, a 2013 kamfanin Samsung ya fara jera gurabun hawa-hawa kamar bene, abin da ya ƙara yawan ajiya ya kuma karya farashi.

4.0 Shigowarsa Ƙasar Hausa

Ma'ajin filash ya fara shiga hannun talaka ta wayar salula, wadda ta bazu bayan 2001. Ɗan katin memori ya maye gurbin kaset da faifan CD, har aka sami sana'ar masu tura waƙoƙi da wa'azi da finafinan Hausa a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano. Kwamfutocin gwanjo kuwa, da yawansu ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke shigowa, shi ya sa ake ce wa irin wannan kaya ɗan Kwatano. Ƙasar da fataken goro suka ratsa a da, ita kayan lantarki ke ratsawa zuwa Arewa. A ɓangaren hukuma, an buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano a 2023. A irin waɗannan cibiyoyi, saurin SSD shi ke ba dubban mutane damar neman bayani a lokaci guda.

5.0 Sauri da Ƙarko

A nan ne ya kamata mai nazarin tarihi ya yi hattara. SSD yana jure girgiza, ba ya cin wuta da yawa, kuma waɗannan siffofi sun dace da wurin da hanya ba ta da kyau, lantarki kuma ba tabbas. Amma yana da rauni iri uku. Na ɗaya, kowane gurbi yana da iyakar yawan rubutu da gogewa kafin ya gaji. Na biyu, cajin da aka tsare yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana gaggauta zurarewar. Ƙa'idar ƙungiyar JEDEC ta tanadi cewa SSD na kwamfutar gida da ya cinye adadin rubutunsa ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta, a zafin digiri 30. Na cibiyoyin bayanai kuwa wata uku a digiri 40. Sabo yakan daɗe fiye da haka, amma a Kebbi zafin bazara yakan haura digiri 40. Na uku, idan ya mutu yakan mutu farat ɗaya, kuma ceto abin da ke ciki yana da wuya ƙwarai.

Takarda ma tana da maƙiya: gara da gobara da ambaliya irin ta 2012 da ta 2020 da suka shafi garuruwan bakin Kwara. Abin da ya faru a Tumbutu a Janairun 2013, inda aka ƙone dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, ya isa gargaɗi. Sai dai takarda takan lalace a gaban idon mai ita, SSD kuwa ba ya nuna alama.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane sabon ma'aji ya fi na bayansa sauri da yalwa, amma bai fi shi tsawon rai ba. Littattafan magabata sun rayu ne domin almajirai sun yi ta kwafe su ƙarni bayan ƙarni, kuma wannan dabara ita ce ta dace da SSD. Don haka ana ba da shawara ga masarautu da ofisoshin hakimai da gidajen malamai na Illo da Ka'oje da sauran garuruwan iyaka: a ɗauki hoton takardun gado da na filaye da wasiƙun sarauta, a ajiye kwafi uku a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari dabam, a riƙa kunna ma'ajin ana duba shi, ana kwafewa zuwa sabo bayan 'yan shekaru. Fiye da kome, kada a yar da asalin takardar don an ɗauki hotonta.