Tarihin yaƙi da haki: daga hauya zuwa ruwan karan dawa

Duk manomi ya san haki ba ya jiran kowa. In aka makara da noman farko, hatsi ya sha wahala ke nan. Kakanninmu da hauya suka yi wannan yaƙi. Yau kuwa daga Maradi har Damagaram, matasa da yawa sun goya famfon feshi. To daga ina wannan magani ya fito?

Bayan yaƙin duniya na biyu ne aka fara sayar da maganin kashe haki mai suna 2,4-D. A 1974 kamfanin Monsanto na Amurka ya fito da Roundup, manoman duniya suka rungume shi. Amma a 1996, a Ostareliya, aka samu hakin da ya daina jin Roundup. Yawan feshin magani iri ɗaya ne ya sa haki ya saba da shi.

Dole masana suka waiwayi wani tsohon ilimi. Tun 1937 wani masani ɗan Ostiriya, Hans Molisch, ya rubuta cewa wasu tsirrai suna fitar da sinadarin da ke hana maƙwabtansu girma. Dawarmu tana cikinsu. A 1986 aka gano irin wannan sinadari a saiwarta, aka sa masa suna sorgoleone.

A Fakistan, wajen shekara ta 2000, malamin jami'ar noma ta Faisalabad, Zahid Ata Cheema, ya gwada abin a gona. Ana daddatsa busasshen karan dawa, kilo 1 cikin ruwa lita 10, a jiƙa kwana guda, a tace. Ruwan shi kaɗai yana rage haki, bai gama da shi. Amma da suka gauraya shi da rabin maganin kanti, aikin ya kusa kai na cikakken awo, a gonakin alkama da auduga.

Sai dai mu lura, gonakinsu na ban ruwa ne, namu galibi jigawa ce, kuma karanmu abincin bisashe ne da rani. Shi ya sa muke kira ga masanan INRAN da malaman gona su gwada shi a ƙasarmu. In ya yi, kuɗin magani ya ragu, gubar da mai feshi ke shaƙa ita ma ta ragu. Kafin nan, kada kowa ya yi gauraye da ka, a tambayi malamin gona tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka.