Ma'anar kalmar 'ovation' da yadda ake amfani da ita

Kalmar 'ovation' tana daga cikin kalmomin Turanci da ake yawan cin karo da su a rahotannin tarukan siyasa da na bukukuwan fina-finai.

Tana nufin tafi mai ƙarfi, mai tsawo, wanda taron jama'a ke yi wa mutum domin jinjina masa.

Tafi na yau da kullum 'applause' ake ce masa. Sai ya tsawaita, ya game zauren baki ɗaya, sannan a kira shi 'ovation'. Idan kuma jama'a suka miƙe tsaye suna tafin, sai a ce 'standing ovation'.

Asalin kalmar

Kalmar ta samo asali ne daga 'ovatio' ta harshen Latin, wadda a tsohuwar daular Rum ke nufin bikin tarbar kwamandan da nasararsa ba ta kai a yi masa babban biki ba.

Irin wannan kwamanda ba ya shiga birni a kan keken doki kamar mai babbar nasara.

Wannan ƙaramin biki aka yi wa Marcus Crassus a shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan ya murƙushe tawayen bayi na Spartacus, saboda Rumawa ba su ɗauki yaƙi da bayi a matsayin abin alfahari ba.

A ƙarni na 19 ne kalmar ta ɗauki ma'anar da aka san ta da ita yanzu a Turanci, ta koma nuna ƙololuwar yabo.

Darajar tafin

Nauyin wannan jinjina ya danganta ne da wurin da aka yi ta.

A bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa, abin ya zama al'ada, har 'yan jarida kan ƙirga mintocinsa. A shekara ta 2006 an shafe kimanin minti 22 ana tafa wa fim ɗin Pan's Labyrinth.

Amma a majalisar wakilan Birtaniya al'ada ba ta yarda da tafi ba.

Shi ya sa abin ya ja hankali a ranar 27 ga watan Yunin 2007, lokacin da 'yan majalisar, har da na ɓangaren adawa, suka miƙe suna tafa wa Tony Blair a ranarsa ta ƙarshe a kan kujerar firayim minista.